Ƙarfen da ido bai gani ba, kunne ya ji shi

Ni malamar Islamiyya ce a Aboabo, cikin Kumasi. Da safe ina karantar da 'yan mata, bayan la'asar kuma matan aure, in ana suna ko walimar aure a unguwa akan kira ni in yi nasiha. Abincina a bakina yake. Na fara da wannan ne domin duk labarin da zan bayar a kansa ya rataya, kuma wata 'yar'uwa da sana'arta ba ta magana ba ce tana iya sa irin ƙarfen jera haƙora da na sa ta fita lafiya lau.

Tun ina ƙarama haƙorana a cunkushe suke. Fiƙata ta hagu ta fito can sama ta hau kan maƙwabcinta, haƙoran gaba na ƙasa sun haɗe suna hawan juna, in na rufe baki kuma na sama su lulluɓe na ƙasa gaba ɗaya, har na ƙasan su riƙa taɓa dasashin sama ta ciki. Na girma ina jan mayafi in rufe baki duk lokacin da dariya ta zo. Abin da ya kai ni wajen likita ba ado ba ne, jini ne. Dasashina ya riƙa zubar da jini ko da aswaki na taɓa shi. A sashen haƙori na asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka wanke mini, aka kuma gaya mini gaskiya: muddin haƙoran suna haɗe haka, buroshi ba zai shiga tsakaninsu ba, jinin zai yi ta dawowa. Maganin shi ne a jera su. Aka ce mini kuma katin inshorar lafiya na gwamnati yana ɗaukar cire haƙori da cike rami na yau da kullum, amma jera haƙora daga aljihun mutum yake fita.

Kafin in taka ko'ina na je wajen malamina. Duk wadda ta yi karatu ta san hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ya zo da tsinuwa a kan masu goge haƙora su buɗe wushirya don ƙawa, kuma ban so in koyar da abu da baki in saɓa shi da bakin nan dai. Malam ya saurare ni har na gama, ya ce, "'Yata, wancan a kan mai lafiyayyen haƙori ne da ta je ta sāke shi don a ce ta yi kyau. Ke cuta za ki kawar. Je ki yi magani."

Zuciyata ta kwanta ta wannan gefen, amma ta wani gefen ba ta kwanta ba. A Zango yanzu 'yan mata suna sa ƙarfe a haƙora da robobi masu launi, wasunsu ma haƙoransu lafiya ƙalau, gayu ne kawai. Na riƙa hango kaina, mace mai 'ya'ya, ta haura talatin, a zaune gaban iyayen mata ina faɗin Allah ya ce Annabi ya ce, ƙarfe yana walƙiya a bakina. Na san irin maganar da za ta bi ni: Malama ma ta shiga yayi. Wanda bai zauna a Zango ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne, domin malama da mutuncinta take karantarwa kafin ilminta.

A farkon 2022 maigidana ya raka ni wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Akra. Likitan ya ajiye mana hanyoyi uku da ba sa ɗaukar ido sosai. Akwai maɓallan tangaran masu launin haƙori, ana manna su ta waje, waya ta bi ta kansu. Akwai murfin roba garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, ana cirewa ana mayarwa. Sai na uku, maɓallan ƙarfe da ake mannawa ta bayan haƙora, wajen harshe, waɗanda ko mutum ya yi dariya ba a ganin komai. Ya ce murfin roba bai cika iya juyo fiƙa irin tawa ba, domin haƙori ne mai kewayayyen jiki, roba ba ta samun wurin kamawa, ga shi kuma sai an jawo shi ƙasa. Saura biyu. Kuɗin na ciki ya haura ninki biyu na tangaran. Maigida, wanda kayan mota yake sayarwa a Suame Magazine, ya dube ni ya ce, "Malama, in dai shi ne zai sa hankalinki ya kwanta, a yi shi."

Likitan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce harshe zai yi ciwo, magana za ta canja na 'yan makonni, daga nan baki ya saba. Ga yawancin mutane haka abin yake. Sai dai maganar da yake nufi ita ce ta ofis da kasuwa da waya, wadda in an gane abin da kake faɗi shi ke nan. Tawa maganar ana auna ta harafi bayan harafi.

Aka ɗauki hoton haƙorana da na'ura, aka aika ƙasar waje, domin bayan haƙori ba shimfiɗaɗɗe ba ne irin gabansa. Kowane haƙori da nasa kwari da tudu, don haka kowane maɓalli ana ƙera shi ne don haƙori guda na mutum guda, wayar ma na'ura ce ke lanƙwasa ta. Bayan makonni kaya suka iso, aka manna su a zama ɗaya mai tsawo, baki a wangale har muƙamuƙina ya yi tsami.

Da na rufe baki a ranar sai na ji turamena ba sa haɗuwa. Haƙoran gaba na ƙasa suna bugun maɓallan sama tun kafin na baya su taɓa juna. Likita ya ce da gangan ne, haka zai buɗe zurfin cizon nan, turame za su sauko a hankali. Sun sauko ɗin, amma kafin nan ba ni da abin tauna. Koko, kunu, tuwon zafi da miyar ayoyo ina haɗiya, shi ke nan abincina. Shinkafa da wake da ganda, ƙuli-ƙuli, tsire, aya, duk na bar wa yara.

Harshe kuwa ba ya zama wuri ɗaya, kuma mutum ba ya sanin haka sai an sa masa ƙarfe a hanyarsa. Duk haɗiyar yawu sai ya tokari bayan haƙora. Gefensa ya tsattsage, bakinsa ya yi ja ya kumbura. An ba ni wani kaki mai laushi da ake mannawa a kan ƙarfen da ke yanka, amma ta yaya zan manna abu a wurin da madubi ba ya nuna mini? Da daddare in yara sun yi barci sai in zauna a bakin gado in ɗaga kai, maigida ya haska fitilar wayarsa cikin bakina, ya share wurin da auduga domin kakin ba ya kamawa a jiƙe, ya murza ɗan ƙwallo tsakanin yatsunsa da baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, ya danna a hankali yana cewa, "Nan ne? Ko gaba kaɗan?" Allah ya saka masa da alheri. Mai ƙarfe ta waje wannan aikin ita kaɗai take yinsa a gaban madubi cikin ƙiftawar ido.

Duk wannan da sauƙi. Inda abin ya taɓa ni shi ne karatu.

Malaman tajwidi sun ƙidaya mafitar haruffa 17, goma daga ciki a kan harshe suke, kuma haruffa 18 ne ke fita daga gare su. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga yawancinsu a bayan haƙoran sama suke sauka, daidai inda aka jera mini ƙarfe. Ta da dal da ɗa, kan harshe ne a gindin haƙoran gaba na sama. Lam da nun da ra, kan harshe ne a dasashin da ke bayansu. Sin da sodi da zaira suna buƙatar siririyar hanya tsakanin harshe da haƙoran gaba, iska ta bi ta fita da shewarta mai tsabta. Da maɓalli da waya a wurin, iskar sai ta watse ta ko'ina, sin ta fito tana neman zama shin, sodi ta rasa kaurinta. Lodi kuwa, wadda dama ita ce mafi wuya, gefen harshe ake dannawa a jikin turamen sama, wato daidai inda ƙarshen waya yake, daidai kuma inda gyambon yake. Kowace raka'a sai na tarar da wannan harafin a kalmar ƙarshe ta Fatiha, da maddinsa mai tsawo a bayansa. Na riƙa jin zafin tun kafin in iso wurin.

Hausata ma ta taɓu. "Sannu" da "tsaya" da "zauna" duk suka riƙa fita da tsamin baki. Amma wannan ya warware da kansa, kamar yadda likita ya faɗa. Bayan wata biyu ko uku ina ciniki a kasuwar Kejetia da Hausa da Tuwi ba wanda yake lura. Karatun ne bai dawo daidai ba. Ya gyaru, ban ce bai gyaru ba, amma kunnena ya san bai kai ba, kuma kunnen da aka horar shekaru ba ya yarda a lallashe shi.

Wata safiya ina biya wa 'yan aji na ƙanana, ina faɗa suna maimaitawa. Na kai kan sodi sai na ji wata yarinya a sahun gaba ta fitar da shi da irin shewar da nawa yake fita. Na sake faɗa, ta sake maimaitawa haka nan, idonta a kan bakina, tana ƙoƙari iyakar ƙoƙarinta. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, abin da ta ji shi ta mayar. Ƙur'ani daga baki ake karɓarsa, kuma a lokacin bakin da take karɓa daga gare shi ba daidai yake ba. Na tsayar da karatun na kira wata babbar ɗaliba ta zo ta biya musu, ni ina gyara da hannu da bayani.

Sirrin da na biya kuɗi don in rufe kuwa bai daɗe ba. A ajin yamma wata dattijuwa da ta girmi mahaifiyata ta tsayar da ni ta ce, "Malama, goro ne a bakinki ko mura kike yi? Kwana biyu muryarki ba taki ba ce." Ban iya yi mata ƙarya ba. Na buɗe baki na ɗaga kai na nuna mata, sauran mata suka taso suna leƙawa. Ta ce, "Ikon Allah. To 'yar nan, me ya sa ba ki bari an sa miki a waje ba, harshen ya huta?" Ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar.

Azumin shekarar ya kama a farkon Afrilu. Baki in ya bushe ƙarfe ya fi yanka, ga ɗanɗanon jini yana zuwa tsakar rana, in yi ta tofarwa ina tsoron kada in haɗiye. Ni nake jan tilawar mata a unguwarmu kowane Ramadan, izu biyu a rana. A shekarar na zauna a gefe ina bin wata da ido a cikin Mus'hafi. Aswakin da na saba riƙewa da azumi ma bai yi mini amfani ba, domin ba ya lanƙwasa ya shiga bayan haƙora, zarensa kuma yana maƙalewa a waya.

Tsabta wani babi ne da ba a cika faɗa ba. A ƙarƙashin harshe akwai ƙofofin da yawu yake fitowa, shi ya sa ko ba ƙarfe bayan haƙoran gaba na ƙasa ne wurin da datti ya fi saurin daskarewa ya yi tauri. To a nan aka ƙara maɓallai da waya, a wurin da ido ba ya kai. Ina da ƙaramin buroshi mai shiga tsakanin haƙora, ina da zaren sakace da sai an zura shi ƙarƙashin waya haƙori bayan haƙori, duk da lalube nake yi. Dasashin ciki ya kumbura har ya fara hawa kan maɓallan. Jinin da ya kawo ni tun farko ya dawo ta bayan gida.

Sai tafiya. Likitocin da suka ƙware a jera haƙora ba su da yawa a Ghana, masu yin na ciki kuma sun fi ƙaranci, domin horo ne na daban da kayan aiki na daban. Ranar da maɓalli ɗaya ya ɓalle mini, likitan da na je wurinsa a Kumasi ya yanke bakin wayar da ke sukata, ya ce iyakar abin da zai yi ke nan, mayar da shi sai wanda ya sa. Tsakanin Kumasi da Akra kusan kilomita 250 ne. Mota daga tashar Asafo tun da asuba, a wuce Nkawkaw, a shiga cunkoson Akra, a zauna a kujerar likita zaman da ya fi na mai ƙarfen waje tsawo saboda shi ma a sunkuye yake aiki ta madubi, a juyo cikin dare. Ranar makaranta ta tafi. Shekarar kuma ita ce sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi: dalar da take wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura 14 kafin ƙarshen Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Duk abin da ake ƙerawa a waje da dala ake lissafa shi. Maigida bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma ina ganin yadda yake daɗewa a kan littafin shagonsa.

A daidai wannan lokacin akwai mutum biyu a danginmu da suke gyaran haƙora, kuma zama da su ya nuna mini abin da takardar asibiti ba ta nunawa. 'Yar yayata, ɗalibar jinya, tangaran ta sa. Daga nesa ba a gani, sai an matso a ga waya. Leɓɓanta sun yi ciwo a makon farko. Babbar damuwarta ita ce 'yan robobin da ke riƙe waya suna rinewa da manja da shayi, su koma ruwan ɗorawa kafin ranar canji, kuma an gargaɗe ta cewa tangaran ya fi ƙarfe saurin fashewa, ya kuma fi haƙori tauri, yana iya cinye wanda yake gogarsa. Amma harshenta ba abin da ya same shi. Tana zuwa gidana ta biya haddarta tsaf, ni malamarta ina jin kishin sin ɗinta.

Ƙanin maigidana kuma, ma'aikacin banki, murfin roba ya yi. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Invisalign, na wani kamfanin Amurka, wanda ya shigo kasuwa a 1999, yanzu kuma masu yin irinsa sun yi yawa. Ana sa shi awa 20 zuwa 22 a rana, a canja sabo duk mako ɗaya ko biyu. Ba ya cin komai da shi a baki, ba ya shan komai sai ruwa, kuma an ɗiga masa wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori a gaban haƙoransa don robar ta sami abin kamawa, saboda haka shi ma bai ɓuya ɗari bisa ɗari ba. Wahalarsa ta riƙon alkawari ce, domin roba in tana aljihu ba ta aiki. Ya taɓa naɗe ɗaya a takarda wajen cin abincin biki aka kwashe da shara. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai: in zai yi jawabi a gaban manyansa sai ya cire ya sa a akwatinta, ya gama ya mayar. Da haƙorana sun yarda da roba, da awa biyun nan na rana sun ishe ni in biya wa ɗalibaina karatu da bakina na asali.

Daga baya na karanta asalin wannan ƙarfe na ciki. A shekarun 1970 likitoci biyu suka fito da shi kowa a ƙasarsa. Craven Kurz a Amurka yana neman abin da zai ba manyan mutane da ba sa son a ga ƙarfe a fuskarsu, Kinya Fujita a Japan kuma yana neman kare leɓɓan masu wasannin faɗa daga yankan ƙarfe in an buge su a baki. Ɗaya ido ya duba, ɗaya leɓe. Sun cimma abin da suka nema, kuma ba zan tauye wa abin haƙƙinsa ba. Shi kaɗai ne da gaske ba a gani. Yana aiki dare da rana ba sai an tuna da shi ba. Fararen tabon da ƙarfen waje yake iya bari a gaban haƙori in ba a kula da wanki ba, shi ba ya barin su a inda ake gani. Zurfin cizona ma shi ya buɗe shi. Sababbin da ake ƙerawa sun fi na da siranta. Amma komai sirantarsa a ɗakin harshe yake zaune, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin azumin 2023 na gaya wa maigida ba zan sake zama a gefe ba. Ya yi shiru, domin ya san kuɗin maɓallan ba ya dawowa, an ƙera su don haƙorana ni kaɗai, ba wanda za su yi wa amfani. Sannan ya ce, "Karatunki ya fi su tsada." Likitan ya saurare ni da mutunci. Na roƙe shi ya bar ni in karanta masa Fatiha, duk da ba Musulmi ba ne, na nuna masa da yatsa inda kowane harafi yake sauka. Ya ce da ya san aikina ya kai nan da tun farko ya ja ni zuwa tangaran. Aka cire na ciki, aka goge gam ɗin, aka manna tangaran ta waje, aka kuma mayar da kulawata wajen wani likita a Kumasi, tunda wannan aiki ne da masu yinsa suka fi yawa.

Harshena ya warke cikin 'yan kwanaki. Leɓɓana suka karɓi ciwon na ɗan lokaci, ba da mim da wawu suka ɗan yi nauyi, sannan suka saki. Maganar mutane da na ji wa tsoro ta zo, ban ce ba ta zo ba. An yi ta a wajen suna, an yi ta a bakin famfo. Na tsaya a ajin yamma na faɗi dalilin da ya sa na sa, na kawo hadisin da bayanin malamai a kansa, iyaye mata biyu suka biyo ni bayan an tashi suna tambaya saboda 'ya'yansu. Daga nan maganar ta mutu. A watan azumin na ja tilawa da kaina.

An cire tangaran a 2024. Yanzu akwai siririyar waya da aka manna a bayan haƙoran gaba na ƙasa don kada su koma, da murfin roba da nake sa wa na sama in zan kwanta. Na roƙi kada a manna komai a bayan na sama, likita ya yarda bisa sharaɗin ba zan yi wasa da robar dare ba. Dasashina ya daina jini, ina zuwa wanki duk wata shida.

'Yan ajin da suka fara haruffa a hannuna a wancan lokacin sun yi nisa, wasu sun kusa izu goma. Biyu daga cikinsu har yanzu sodinsu yana zamewa in suka yi sauri. Ranar Alhamis in an tashi ina riƙe su, mu zauna a baranda, in sa su kalli bakina, mu koma kan harafin daga farko.